Ramin Al-Battani a kan wata: girmamawa ce ko ɓoye suna?

Mus'ab: Assalamu alaikum 'yan uwa. A tsakiyar fuskar wata akwai wani ƙaton rami da taswirori ke kira Albategnius. An ce wai sunan Al-Battani ne, malamin falakin nan na ƙasar Sham. Tambayata biyu. In har girmama shi ake son yi, me ya sa aka murɗe sunan ta yadda ko Balarabe ba zai gane shi ba? Ni dai ina ganin da gangan ne, don kada a san Musulmi ne. Na biyu kuma, wa ya naɗa Turawa masu raba sunaye a kan wata?

Malam Habibu: Wa alaikumus salam. Mus'ab, tambayarka ta biyu tana da nauyi, amma a ta farko ka yi gaggawa. Wanda ya sa wannan suna wani limamin Katolika ne ɗan Italiya, Giovanni Riccioli, mazaunin birnin Bologna. A 1651 ya fitar da babban littafinsa na falaki, a ciki akwai taswirar wata da abokin aikinsa Francesco Grimaldi ya zana, shi kuma ya bi ramukan yana raɗa musu suna. Da Latin ya yi rubutun, kuma masu karatu da Latin sun fi shekara 400 suna kiran Al-Battani da Albategnius tun ba a haifi Riccioli ba. Kowa haka aka yi masa. Mutumin Poland da danginsa suka sani da Kopernik, Copernicus yake a taswirar. Mai son ɓoye mutum ba ya ɗaukar rami mai faɗin kusan kilomita 130 a tsakiyar wata ya ba shi.

Mus'ab: Malam, to ai da ya rubuta shi yadda yake. Wuya gare shi?

Malam Habibu: Da ya rubuta "Muhammad ibn Jabir al-Battani", waɗanda yake rubutawa dominsu ne ba za su gane ko wane ne ba. Bari in ba ka tarihin littafin ka gani. Al-Battani haifaffen yankin Harran ne, kudancin Turkiyya ta yau, wajajen 858. Ya yi kusan shekara 40 yana auna tafiyar rana da wata da taurari a birnin Raƙƙa na ƙasar Sham, ya rasu a 929. Littafinsa na jadawalin falaki, wato Zij, an juya shi zuwa Latin a ƙarni na 12, aka buga shi da injin ɗab'i a Nuremberg a 1537, aka sake bugawa a 1645. Ka san inda aka yi bugu na biyun? A Bologna, garin da Riccioli yake zaune, shekara shida kafin taswirarsa. Wato mutumin ba tsohon labari ba ne a wurinsu, littafinsa ne a kan teburinsu. Copernicus da kansa ya ambace shi sau da yawa. Ya auna tsawon shekara ya samu kwana 365 da awa 5 da minti 46 da daƙiƙa 24. Bambancinsa da ma'aunin yau bai kai minti biyu da rabi ba, kuma babu madubin hangen nesa a zamaninsa.

Hajiya Talatu: Allah ya ƙara ilimi Malam. Amma ni kafin a yi nisa da faɗan suna, a faɗa mana shi ramin yaya yake? Mu da ba mu da na'ura sai dai mu ji a bakinku.

Baba Alhassan: 'Yata, kin yi tambayar da ta fi min daɗi. Tsohon rami ne ƙwarai, kuma tsufan a jikinsa yake. Bakinsa ba da'ira ce tsaf ba, ya ɗan yi kusurwa-kusurwa har wasu na cewa shida ne. Ganuwarsa ta zube a wurare da yawa, ƙananan ramuka sun cinye ta, amma ta gefen arewa maso gabas har yanzu tana tashi wajen kilomita 4 daga ƙasan ramin. Ƙasan kuwa shimfiɗaɗɗe ne. A tsakiya, ɗan karkace zuwa yamma, akwai tsauni mai tsayin kimanin kilomita ɗaya da rabi, a ƙoƙuwarsa kuma wani ɗan ƙaramin rami ya zauna. Sai babban abin da ke sa a gane shi nan take: wani rami mai faɗin kilomita 44, ana ce masa Klein, ya faɗo daidai kan ganuwarsa ta yamma ya fasa ta. In kin ga babban rami ɗauke da wani a kafaɗarsa, kudu da ramin Hipparchus, gabas da ramukan Ptolemaeus da Alphonsus, to shi ne.

Kada ki neme shi daren 14. Ran da wata ya cika rana tana tsaye a kansa, babu inuwa, komai ya yi fari fat ya baje. Daren 7 ga wata ko 8, lokacin da yake rabi, iyakar haske da duhu tana ratsawa ta kusa da shi, inuwar ganuwar ta miƙe a ƙasan ramin, kan tsaunin ya kama haske alhali gindinsa na cikin duhu. Tabarau mai ido biyu na hangen nesa ma zai nuna miki shi, in kin jingina hannu da katanga don kada ya riƙa rawa. Abu guda: a wajenmu wata kwance yake fitowa, ba a tsaye ba yadda ake zana shi a taswirorin Turai. Sai kin juya taswirar har gefen hasken ya dace da abin da kike gani.

Ɗanjuma: Baba, wannan tsauni na tsakiya ai shi ne hujjar cewa aman wuta ne ya yi ramin. Kun ce har da rami a kansa. Wannan ba bakin dutse mai aman wuta ba ne? In dutse ne ya faɗo daga sama, ai huda ƙasa zai yi, ba tara tsauni ba.

Baba Alhassan: Ba kai kaɗai ba ne, Ɗanjuma. Manyan masana sun daɗe a kan wannan ra'ayi, har cikin ƙarni na 20. Grove Gilbert ɗan Amurka ya ce duka ne daga sama tun 1893, ba a saurare shi sosai ba. Sai bayan aikin Ralph Baldwin a 1949, da na Eugene Shoemaker a kan ramin dutsen sama da ke Arizona ta Amurka, da duwatsun da 'yan sama jannatin Apollo suka ɗebo, sannan magana ta mutu.

Ga yadda abin yake. Dutsen da ke faɗowa wata yana zuwa da gudun kusan kilomita 20 a daƙiƙa ɗaya. A irin wannan gudu ba huda yake yi ba, fashewa yake yi, shi kansa ya narke ko ya zama tururi. Shi ya sa ramukan kusan duk zagayayyu ne ko da dutsen a karkace ya zo, kuma ramin kan ninka faɗin dutsen sau goma zuwa ashirin. In dukan ya yi girma, ƙasar wurin na ɗan lokaci ba ta riƙe kanta, motsi take yi irin na ruwa. Ka lura da ɗigon ruwan sama in ya faɗa kududdufi, tsakiyar takan yi tsalle ta dawo sama. To haka ƙasan ramin ke tasowa, sai dai shi dutse in ya taso a nan yake daskarewa. Ganuwar kuma ta zamo ciki hawa-hawa. Duk wannan cikin 'yan mintuna. Ɗan ramin da ke kan tsaunin kuwa wani ƙaramin dutse ne ya same shi daga baya, yana da biliyoyin shekaru na jiran a same shi.

Ɗanjuma: Hmm. Daidai kan ƙoƙuwa? Wannan saiti ya yi yawa Baba.

Baba Alhassan: Duba ƙasan ramin da ganuwarsa, ko'ina irinsa ne barkatai. Da babu ko ɗaya a kan tsaunin, shi ne zai zama abin tambaya.

Zainab Kumasi: Baba ya yi gaskiya, mu a nan muna da shaida a ƙofar gida. Tafkin Bosumtwi da ke kudu maso gabashin Kumasi ramin dutsen sama ne, faɗinsa kilomita 10 da rabi, shekarunsa miliyan ɗaya da 'yan kai. An yi haƙa a cikinsa a 2004, kuma akwai irin wannan tudun tsakiya binne a ƙarƙashin laka da ruwa. Babu wani aman wuta a wurin. Abin da ya ba ni sha'awa, a wata rami mai wannan faɗi ba ya samun tsauni a tsakiya, sai ya kai kilomita 15 zuwa 20. A duniya kuwa daga kilomita 2 zuwa 4 ake fara gani, saboda ƙarfin jan ƙasa a nan ya ninka na wata sau shida, ganuwa ba ta iya tsayawa, da wuri take zubewa.

Hajiya Talatu: To Baba, da kuka ce tsoho ne, wa ya ƙirga masa shekaru?

Baba Alhassan: Ba a je cikinsa an ɗebo dutse ba, amma akwai hanyar kamawa. Na farko, duk abin da ya hau kan wani, shi ne ƙarami a shekaru. Klein ya fasa ganuwar Albategnius, saboda haka ƙaninsa ne. Na biyu, in aka duba da na'ura mai ƙarfi, akwai wasu dogayen kwazazzabai da suka tsaga ganuwarsa da ta maƙwabtansa, duk sun miƙe hanya ɗaya, daga arewa maso yamma zuwa kudu maso gabas. In ka bi su baya, za su kai ka babban baƙin filin nan da ake kira Mare Imbrium. Tarkacen da dukan Imbrium ya watso ne ya yi wannan yankan. An auna duwatsun Apollo an samu dukan ya auku wajen shekara biliyan 3.9 da suka wuce. Tunda ya yanki Albategnius, Albategnius yana nan kafin a yi shi.

Ki gwada shi da ramin Tycho da ke can kudancin wata, mai faɗin kilomita 85, wanda shekarunsa kimanin miliyan 108 ne kacal. Bakinsa kaifi, tsauninsa tsaye, ga fararen zare-zare na ƙura da ya watsa har nisan kilomita 1,500, waɗanda ake gani daren 14. Irin waɗannan zare-zare dushewa suke da daɗewa. Na Albategnius sun shafe tun tuni.

Sadik: Jama'a tunda ana maganar tsaga, ai NASA ta tabbatar da cewa wata ya taɓa rabewa biyu aka haɗa shi. Akwai hoton layin, ina da shi a waya.

Malam Habibu: Sadik, na san hoton, ya daɗe yana yawo. Kwarin Rima Ariadaeus ne, tsawonsa kusan kilomita 300, alhali zagayen wata ya haura kilomita 10,000. Ƙasa ce ta nitse tsakanin tsaga biyu, kuma irinsa da yawa a wata. NASA ba ta faɗi abin da ake jingina mata ba. Wanda ya yi imani da ayar tsagewar wata ya yi ne don Alƙur'ani ya faɗa, ba don wata hukuma a Amurka ta sa hannu ba. Jingina addini da hoton da ɗalibin falaki zai iya rushewa cikin minti biyu cutar da addinin ne.

Admin: A tsaya a kan maudu'i don Allah. Mai son wancan ya buɗe masa zare daban.

Mus'ab: To na ji ta Latin. Amma har yanzu ba a amsa ta biyun ba. Mutum ɗaya a Italiya ya zauna ya raba wata, duniya ta ce amin?

Malam Habibu: Ba shi kaɗai ya gwada ba, nasa ne ya ci kasuwa. A 1645 Michael van Langren ya fitar da taswira cike da sunayen sarakuna da fadawa, har ramin da muke kira Tycho ya ba wa sarkin Poland. A 1647 Johannes Hevelius na birnin Danzig ya kwaso sunayen wurare na duniya, shi a wurinsa Tycho Dutsen Sina'i ne. Riccioli ya zaɓi malaman falaki da falsafa, kuma tunda masu amfani da taswirar su ma malaman falaki ne, ka san wadda za su so. Ni ina ganin ya yi dabara: sarki na mutuwa a manta da shi, amma mai lissafin husufi dole ya koma ga waɗanda suka riga shi.

Kuma kada ka ɗauka babu son rai a ciki, akwai. Cocinsa ba ta yarda duniya na zagaya rana ba, sai ya ba masanin falaki Tycho Brahe, wanda ya bar duniya a tsakiya, ramin da ya fi kowanne ɗaukar ido. Copernicus da Kepler da Galileo, masu cewa duniya ce ke zagaya rana, ya jefa su can yankin da ya kira Tekun Guguwa, amma ramin da ya ba Copernicus ɗin na cikin mafi kyau a wata, har wasu na ganin a zuciyarsa yana tare da su. Bai manta da kansa ba, akwai ramin Riccioli da na Grimaldi gefe da gefe a bakin yamma.

Malaman ƙasashen Musulmi kuwa da yawansu a unguwa ɗaya suke, kewaye da ramin Batlamus, wato Ptolemaeus, masanin falakin zamanin da, wanda littafinsa suka gada suka gyara. Arzachel shi ne Az-Zarƙali na Toledo. Alpetragius, Al-Biɗruji. Thebit, Sabit ibn Ƙurra, wanda shi ba Musulmi ba ne, Basabi'e ne na Harran da ya yi aiki a Bagadaza. Azophi, Abdurrahman As-Sufi. Abulfeda, da Almanon wato Halifa Ma'amun. In ka san karanta yankin, jerin littattafan da Turai ke karantawa a 1651 kake gani.

Sadik: Har da Geber, Jabir ibn Hayyan mai kimiyyar haɗa magunguna.

Malam Habibu: Wani Jabir ɗin ne. Na kan wata Jabir ibn Aflah ne, masanin falaki na Ishbiliya a Andalus, ƙarni na 12. Ana yawan haɗa su.

Hajiya Talatu: Duk jerin nan ban ji mace ba.

Zainab Kumasi: Hajiya, ai nan ne ƙorafin Mus'ab ya kamata ya tafi. Cikin ramuka sama da 1,500 masu sunan mutane, na mata talatin ne da ɗoriya. Kuma macen da ta yi wahalar warware rikicin sunayen gaba ɗaya, Mary Blagg 'yar Ingila, wadda ita da Karl Müller suka haɗa kundin da aka amince da shi a 1935, ɗan rami aka ba ta mai faɗin kilomita 5. Limamin da ya zauna yana rabo ya ɗauki mai fiye da 100.

Mus'ab: Wa ya amince da kundin? Nan nake so a zo.

Malam Habibu: Ƙungiyar masana taurari ta duniya, IAU, wadda aka kafa a 1919. Ita ke riƙe da rajistar har yau. Ƙa'idarta, rami a wata na masana ne da masu bincike da masu tafiyar gano ƙasa, kuma sai mutum ya shekara uku da rasuwa. Ba a sa sunan da ke ɗauke da siyasar zamani ko soja ko addini. An ɗaga ƙafa ga kaɗan, kamar 'yan sama jannatin Apollo 11, Armstrong da Aldrin da Collins, da aka ba ƙananan ramuka suna raye. Ƙananan ramukan da ba su da suna kuwa suna aron na babban maƙwabcinsu da harafi. Klein ɗin nan da can Albategnius A ne, kafin a ba shi sunan Hermann Klein ɗan Jamus.

Sa suna kuma ba mallaka ba ne. Yarjejeniyar sararin samaniya ta 1967 ta hana kowace ƙasa cewa wata nata ne. Masu sayar da fili a wata ta intanet, takarda kawai suke sayarwa.

Ga abin da zai ɗan sanyaya maka rai. Bayan kumbon Rasha Luna 3 ya ɗauko hoton bayan wata a 1959, aka samu sababbin ramuka birjik, kuma a wannan karon da yawa an rubuta su kusa da asalinsu: Al-Biruni da Ibn Yunus da Omar Khayyam a 1970, Al-Khwarizmi a 1973, shekarar da Farouk El-Baz, Bamisiren da ya yi aiki da shirin Apollo, ya wallafa bincikensa a kan wurin.

Mus'ab: To tunda sun iya rubuta Al-Biruni daidai, su gyara na Al-Battani mana. Layi ɗaya ne a kwamfuta.

Baba Alhassan: A nan ban bi ka ba, ɗana. Sunan ya shekara fiye da 370 a littattafai. Masana da yawa na ganin ƙaton ramin da Galileo ya zana a 1610 shi ne wannan, ko da yake ya kumbura shi fiye da yadda yake. A watan Mayun 1962, da Louis Smullin da Giorgio Fiocco na cibiyar MIT ta Amurka suka fara harba hasken leza zuwa wata suka kamo dawowarsa, yankin Albategnius suka saita. Duk rahotannin da aka rubuta a kansa da wannan suna suke. Ka canja shi yau, ɗalibin da zai nemi tsofaffin bayanai gobe ya ɓata. Kundin IAU kuma ya rubuta a fili cewa sunan na Al-Battani ne, da shekarun rayuwarsa. Wanda bai sani ba, bai buɗe ba ne.

Mus'ab: Baba, da girmanku, ni dai ban gamsu ba. An canja sunayen birane da ƙasashe sukutum, ba wanda ya ɓata.

Zainab Kumasi: Birni yana da mutanen da ke zaune a ciki suna neman a canja. Wa zai kai ƙara daga Albategnius?

Idi Agadas: Ku bar ni in sa baki daga Nijar. Akwai guda da ya taka ƙasarmu da ƙafarsa kuma yana da rami a wata: Ibn Battuta. A 1353, a hanyarsa ta komawa daga Mali, ya sauka Takedda, ya ba da labarin jan ƙarfen da ake haƙowa ana kaiwa har Gobir da Barno. A 1976 aka ba shi rami a cikin baƙin filin Mare Fecunditatis, gabashin wata. Kafin nan Goclenius A ake ce masa. Baba, shi ma tabarau zai nuna shi?

Baba Alhassan: Da wuya, Malam Idi. Faɗinsa bai wuce kilomita 12 ba, kusan daidai da Bosumtwi ɗin Zainab, kuma kamar yadda ta faɗa, a wata mai wannan girma ba shi da tsauni a tsakiya. Sai da madubin hangen nesa na sosai, a daren 4 ko 5 ga wata bayan magariba, kafin watan ya yi ƙasa ya shiga ƙura. Ka fara nemo Goclenius a bakin filin ta yamma, shi babba ne, yana da tsaga a ƙasansa. Daga nan ka matsa arewa maso gabas cikin baƙin filin. In ka ga ƙananan ramuka biyu, na kusa da Goclenius shi ne naka, na gaba kuma Lindbergh ne, matuƙin jirgin da ya tsallake Atlantika shi kaɗai a 1927.

Idi Agadas: Wato matafiya biyu aka haɗa maƙwabtaka. Madalla. Sai dai hazon bana ya yi mana kauri, sai ya lafa tukuna.

Ɗanjuma: Ni kuma har yanzu ina kan ɗan ramin kan tsaunin nan. Baba, in akwai hoton kusa na LRO, kumbon NASA mai zagaya wata, a ɗora mana, in gani da idona ko bakinsa a ɗage yake irin na duka.